Zuciya Ba Ta da Ƙashi: Waiwayen Zamana a Liyon da Faris

A Maraɗi, in aka ambaci Liyon, ƙwallo ce ke fara faɗo wa samari a rai. Ƙannena sun tashi ne a zamanin da kulob ɗin garin ya ci kofin gasar lig ta Faransa sau bakwai a jere, daga 2002 zuwa 2008, shi ya sa da takardar karatuna ta fito a 2012, duk saƙonsu bai wuce riga mai lamba a baya ba. Ni ma abin da na sani game da garin bai taka kara ya karya ba. Na san akwai jami'a, na san akwai sanyi, na kuma san jirgin ƙasan nan mai gudu yana kai mutum Faris cikin awa biyu. Wannan na ƙarshen shi na fi riƙewa, domin a Faris wanda zan aura yake.

A gidan Kirista aka haife ni. Kakanmu ya karɓi bishara a Tsibiri tun zamanin 'yan mishan na SIM, Baba kuma ya yi shekaru yana aikin jinya a asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Duk wanda ya san zaman Kirista a ƙasar Katsina da Gobir ta Nijar ya san ba mu da yawa, kowa ya san gidan kowa, kuma aure a wurinmu ba na gida biyu ba ne kawai, na ikilisiya ne gaba ɗaya. Tare muka yi ƙungiyar mawaƙa da wanda zan aura tun muna yara. Kafin ya tafi Faransa magabatansa sun kawo gaisuwa, an karɓa, fasto ya sa albarka, aka ce sai na gama karatu a ɗaura. Inna har ta zaɓi atamfar anko tare da ƙawayenta na zumuntar mata.

Ba zan ɓoye ba, shekarun farko sun yi daɗi, kuma har gobe ina tuna su da murmushi. Da yammacin Juma'a sai in hau jirgi a tashar Part-Dieu, in jingina da taga ina kallon shanu farare a makiyayar Burgundi har duhu ya rufe su. Yana tarye ni a Gare de Lyon, ya raka ni gidan wata gwaggonmu da ke bayan gari, don a can nake sauka. Asabar kuwa ta Château Rouge ce. Wanda bai taɓa fitowa daga wannan tashar ta ƙarƙashin ƙasa ba ba zai gane abin da nake nufi ba: kana hawo matattakala ƙamshin gasasshiyar masara zai tare ka, ga masu kiran ciniki da Bambaranci da Wolof da Lingala, can kuma sai kunnenka ya tsinci “kai, haba malam!” ka juya da sauri kamar an kira sunanka. A kasuwar Dejean nake sayen kuɓewa da busasshen kifi da zoɓo da garin gero in an dace. Daga nan mu haura tudun Montmartre da ƙafa, mu zauna a matattakalar majami'ar Sacré-Cœur, birnin duka a shimfiɗe a gabanmu, muna ci muna lissafin yadda za mu koma gida mu gina ɗaki biyu da rumfa. Lahadi mu yi sujada a wata ƙaramar ikilisiya ta 'yan Afirka da ke cikin tsohon sito, inda ganga ke tashi har bango na rawa.

A watan Oktoban 2014 ya ce in zo, akwai magana. A wani gidan shayi kusa da tashar muka zauna. Ya daɗe yana juya cokali a kofi bai sha ba, sannan ya ce, “Ban san ta inda zan fara ba. Ki gafarce ni. Akwai wata, kuma magana ta riga ta yi nisa.” Abin da idona ya riƙe shi ne hannunsa yana rawa da kuma 'yar takardar sukarin da ya yi ta ninkewa har ta zama kamar ƙwayar wake. Ban yi ihu ba, ban zage shi ba. Na tambaye shi ko iyayensa sun sani, ya ce a'a, yana jin kunya. Na tashi na kama jirgin da ya fara samuwa.

Ciwon bai tsaya a kaina ba. A gida sai da aka mayar da kuɗin gaisuwa, Baba ya zauna da dattawan ikilisiya, Inna kuma ta shiga taron mata ana satar kallonta. Daren da na sanar da ita ta waya, ta yi shiru mai tsawo, har na zaci layin ya yanke. Sai ta ce, “Ɗiyata, yi kukanki, ba wanda zai hana ki. Amma shi da ya tafi, ya tafi da rabonshi kaɗai. Kada ki bari ya haɗa da zuciyarki.”

A lokacin ban fahimci nauyin maganar ba, don masu ba ni wata shawarar sun fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Wata ta ce maza duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wata ta ce nan Turai ce, wanda ya yarda da mutum ya shiga uku. Wani ɗan'uwa a ikilisiya ya ce mai bi ba ya kuka kamar marar bege, in share hawaye in yi godiya. Duk hanya ɗaya suke nuna mini: ki rufe, ki kulle, kada wani abu ya sake shiga. Gaskiyar magana kuwa, wannan hanyar tana aiki. Mutum yana samun barci, yana cin jarrabawa, yana gaisawa da kowa da fara'ar da ba ta wuce leɓe ba. Na ga mata da yawa sun rayu haka har tsufa, ana yabonsu da cewa jarumai ne. Sai dai duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san fako. Ƙasa ce da rana da iska suka daka har ta zama kamar daɓe. Ruwan sama zai zuba a kanta kamar da bakin ƙwarya, ya gangare bai bar komai ba. Manoman Adar ba sa faɗa da ita. Tun rani suke haƙa 'yan ramuka, su zuba taki, su jira damina ta sami wurin tsayawa. Abin da Liyon ta yi mini ke nan a hunturun wannan shekara, rami bayan rami.

Na farko wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu a unguwar Guillotière, malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda mijinta ya rasu da daɗewa. Kaka nake ce mata, na fassara mata, ta ce tana so. Ranar 8 ga Disamba ta ƙwanƙwasa ƙofarmu da kwali cike da 'yan kofunan gilashi, kowanne da guntun kyandir a ciki, ta ce a Liyon ba a barin taga cikin duhu a wannan dare. Ita ta ba ni asalin abin. A 1852 aka shirya ƙaddamar da mutum-mutumin Maryamu mai ruwan zinariya a kan tudun Fourvière. Ambaliyar kogin Saône ta sa aka ɗaga daga Satumba zuwa Disamba, ranar kuma sai hadari ya taso, har aka fid da rai da bikin. Da yamma gari ya washe, mutane da kansu suka jera kyandirori a tagoginsu. Ni 'yar ikilisiyar bishara ce, ba mu saba da irin waɗannan bukukuwa na Katolika ba, amma na jera nawa, muka kuma hau jirgin igiya zuwa saman tudun tare. A can na ji cewa a wannan wuri, ranar 8 ga Disamba 1856, Bishop Marion Brésillac ya kafa ƙungiyar mishan ta SMA domin Afirka. Ya isa Freetown ta Saliyo a 1859, bai rufe wata biyu ba shawara ta kashe shi da kusan dukan abokan tafiyarsa. Waɗanda ya bari a Liyon ba su ce Afirka ta cinye mana mutane mun fasa ba. Sun sake aikawa, har suka isa Lakwaja a 1884, Shendam a 1907.

Sai Janairun 2015 ya zo da abin da ya fi ƙarfin ciwona. Ranar 7 ga wata aka kashe mutum goma sha biyu a harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a Faris. Ranar 11 aka yi babban gangami, shugabanmu na lokacin Mahamadou Issoufou yana cikin shugabannin da suka halarta. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen Annabi Muhammadu a bangonta. Ranar Juma'a 16 ga wata Damagaram ta kama da wuta, washegari Yamai. Mutum goma suka rasa rayukansu, hukuma kuma ta ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kaɗai. Ban taɓa ganin amfanin yi wa abin da wani ya ɗauka da tsarki izgili ba, kuma na san zafin da 'yan'uwanmu Musulmi suka ji na gaske ne. Amma matan da suka tara kuɗin ƙosai da na kunu suka sayi kwanon rufin majami'arsu ba su taɓa ganin jaridar ba, wasunsu ko Faransanci ba sa ji.

Wadda muke haya tare a lokacin Badamagariya ce, Musulma mai riƙo da salla. Daren Juma'ar ta shigo ɗakina da hijabinta na salla ba ta ko cire ba, ta zauna a ƙasa ta kama ƙafata tana kuka. “Yaya, wallahi ba addininmu ba ne wannan,” haka take ta maimaitawa. Daga baya muka ji mahaifinta ya shigar da iyalin wani malamin makaranta Kirista cikin gidansa ya kulle ƙofa, ya zauna a zaure da tasbaha har gari ya waye. Irinsa ba shi kaɗai ba ne a wannan makon, ko da yake ba su ne labarai suka fi ɗauka ba. A daren nan na fara kuka na gaske tun Oktoba, kuma ban iya rarrabe wanne nake yi wa ba, majami'un ko aurena ko ita da ke durƙushe a gabana.

Ƙarshen watan Kaka ta ce in sa takalmin tafiya. Ta kai ni gangaren tudun Croix-Rousse, inda ragowar wani tsohon dandalin Romawa yake, wanda ake kira dandalin Gaul Uku. Ba wani abin kallo ba ne ga mai neman ƙawa: guntayen matattakala na dutse, ciyawa, gidajen mutane kewaye da shanya a tagogi, sai wani gungumen itace da aka kafa a tsakiyar fili. Muka tsaya jikin shinge ta ba ni labari, na kuma bi shi daga baya a rubuce.

A shekara ta 177, zamanin sarkin Roma Markus Aureliyus, aka tasar wa 'yar ƙaramar jama'ar Kirista ta wannan gari. Da yawa daga cikinsu baƙi ne, masu jin Helenanci daga yankin da yake Turkiyya a yau, wasu 'yan kasuwa, wasu bayi. An fara da hana su shiga kasuwa da wuraren wanka, aka koma jifa da kwasar kaya, aka ƙare da kurkuku. Bishop ɗinsu Fotinus ya haura shekara casa'in, duka ya sha har ya cika a tsare bayan kwana biyu. Akwai wata baiwa, Blandina, wadda uwargijiyarta ma tana cikin kamammu, ana tsoron ba za ta jure ba don ƙanƙantar jikinta. Ita ce ta gajiyar da masu azabtar da ita tun safe har yamma. An rataye ta a kan gungume namun daji suka ƙi taɓa ta. A ranar ƙarshe aka fito da ita tare da wani yaro ɗan shekara goma sha biyar, Fontikus, tana ƙarfafa shi har ya cika, sannan aka sa ta cikin raga aka jefa wa bijimi. Gawawwakin an bar su a fili kwana shida, aka ƙona, aka share tokar cikin kogin Rhône don kada a sami ko ƙashi na binnewa. Waɗanda suka tsira suka rubuta wa 'yan'uwansu na Asiya wasiƙa, masanin tarihi Yusibiyus ya adana ta, shi ya sa muka san wannan duka.

Jarumtarsu kowa na faɗa. Abin da ya kama ni daban ne. Da aka fara kamen, mutum wajen goma sun tsorata sun yi musun bangaskiyarsu. Musun bai cece su ba, aka bar su a kurkuku ɗaya da waɗanda suka tsaya. Ka duba wannan zama: ga wanda aka ƙona masa jiki da ƙarfe mai zafi bai janye ba, ga wanda ya ci amana tun kafin a taɓa shi, suna kwana a ɗaki guda. Da masu tsayawar sun juya musu baya, ba wanda zai ga laifinsu. Wasiƙar ta nuna ba su yi haka ba. Ba su yi musu gori ba, ba su ɗaga kai a kansu ba. Sun yi ta kuka dominsu a gaban Allah kamar uwa a kan ɗanta, sun jawo su jiki, har yawancin waɗanda suka faɗi suka miƙe suka sake shaida. Wata mai suna Biblis tana cikinsu. Sun yi addu'a har domin masu azabtar da su, sun kuma ƙi a kira su shahidai tun suna da rai. Wanda ya gaji Fotinus, wato Ireniyus mutumin Simirna, daga cikin wannan jama'a ya fito, kuma shi ne daga baya ya rubuta wa Bishop Biktor na Roma yana roƙonsa kada ya yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya a kan saɓanin ranar Ista. Mutumin da aka zubar da tokar 'yan'uwansa a kogi ya ƙare rayuwarsa yana sulhunta mutane.

A ganina wannan ya fi tsayawa gaban zaki wuya. Gaban zaki fushi ma yana iya riƙe mutum. Amma ka dubi wanda ya ba ka kunya ka ga har yanzu ɗan'uwa ne, wannan sai zuciyar da ba ta bushe ba. Hausawa sun ce zuciya ba ta da ƙashi, kuma na yi imani haka Mahalicci ya so ta. A littafin Annabi Ezekiyel sura 36, alkawarin da Allah ya yi wa mutanen da suka sha kashi da bauta shi ne zai cire musu taurin zuciya ya ba su mai taushi, mai jin ciwo. Bai yi musu alkawarin sulke ba.

A hanyar Fourvière kuma akwai gidan Pauline Jaricot, 'yar wani attajirin siliki, wadda ta ƙirƙiro tarin kwabo ɗaya a mako, mutum goma-goma, don tallafa wa aikin bishara, abin da ya zama babbar ƙungiya a 1822. Mutanen da ta amince wa suka damfare ta a kan wata masana'anta da ta saya domin talakawan ma'aikata, ta ƙare da bashi har aka rubuta sunanta cikin matalautan gari. A wannan gida ta rasu a 1862, tana yafe wa waɗanda suka cuce ta. Na sha zama a 'yar majami'ar gidan idan na taso daga aji.

Kada a ɗauka taushin zuciya yana nufin komawa inda aka wulaƙanta ka. Ban koma ba, ban kuma ce abin da ya yi daidai ne ba. Ya yi rashin gaskiya, ya bar iyayena da ɗaukar kunyar da tasa ce. Abin da na yi kaɗan ne, kuma kullum sai na sake shi. Na fara ambatar sunansa a addu'a, da farko da haƙora a cije, ina cewa Ubangiji ka san ba na so, amma ga shi. Na daina ba da labarin ga duk wanda ya tambaya, don na lura kowane maimaici yana ƙara masa gishiri. Na koma dafa tuwo da miyar kuka ranar Lahadi ina kiran sababbin ɗalibai daga Yamai da Kano da Garwa, Musulmi da Kirista, duk wanda sanyi da kewa suka dama. Inna ma a can gida ba ta jefa atamfar ankon a ƙasan akwati ba, ta kai wa tela ya ɗinka wa yaran wata gwauruwa kayan Kirsimeti.

Daren 13 ga Nuwamba 2015 ina karatu ƙawata Badamagariya ta shigo da waya a hannu. Ana harbi a Faris, a gidan rawa na Bataclan da gidajen abinci da kusa da filin wasa na Stade de France. Mutum 130 aka kashe. Na san a gabashin birnin yake zaune da matarsa, ba nisa da inda abin ke faruwa. Kafin in yi wani tunani yatsuna sun riga sun rubuta: “Kuna lafiya, kai da iyali?” Da amsa ta zo cewa suna gida lafiya, na durƙusa na yi godiya, kuma godiyar daga cikina ta fito, ba ta dole ba ce. Ban sake rubuta masa ba, babu bukata. A wannan shekara hukumar Liyon ta soke manyan wasannin haske na bikin 8 ga Disamba, aka koma ga kyandirori a taga kamar yadda aka fara, ni da Kaka da ƙawata muka jera namu tare.

A 2016 na dawo gida. Allah ya ba ni miji da 'ya'ya, amma ba na so a karanta wannan a matsayin ladan haƙuri, don na san mata masu taushin zuciya da suka fi ni waɗanda har yau ba su yi aure ba, kuma ba abin da ya ragu daga darajarsu. Kaka ta rasu. Ƙawata tana aiki a Damagaram, 'ya'yanta Inna suke ce mini. In hunturu ya kama, hazo ya rufe Maraɗi da safe, sai in tuna hazon da ke kwanciya a kan Saône, da ƙarar ƙararrawar majami'ar Saint-Jean, da ƙamshin masarar Château Rouge, in ji kewa har maƙogwaro.

Roƙona ga iyayenmu mata na zumunta da fastocinmu: idan aka fasa auren yarinya ko yaro, ku daina fara tambayar laifin wa, ku daina gaggawar cewa a share hawaye. Ku je ku zauna da su, ku bar su su yi kukan. 'Ya'yanmu da ke karatu a waje kuma, ku riƙa kiransu ko ba dalili, don da yawa suna haɗiye abin da ya fi ƙarfinsu su kaɗai a ɗaki. Kai kuwa ɗalibi ko ɗaliba da hanya ta kai Liyon, kowane ne addininka, ware yamma ɗaya ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin C, ka sauka a Croix-Paquet, ka tambayi dandalin Gaul Uku. Tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa. Ranar 2 ga Yuni ake tunawa da Blandina da 'yan'uwanta kowace shekara.